Keken da Ya Fi Ƙarfin Dogo

Mahaifina gajere ne, shi ya sa duk unguwa ake kiransa Dogo. Bai taɓa jin haushi ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗinki a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai aski da mai gyaran agogo. Duk wanda ya taɓa sa ɗinkinsa ya san halinsa guda: ba ya yanka yadi daidai jiki, sai ya bar sarari. In ka kawo masa yaro ɗan shekara biyar, rigar ɗan bakwai zai yi masa, ya naɗe ƙasan da zare mai sauƙin farkewa.

“Babba ana rage shi,” haka yake cewa, da allura a baki. “Ƙarami kuwa sai kyauta.”

Ni kaina rigar da na shiga aji ɗaya da ita, da ita na gama aji huɗu.

Ido ne ya ci amanarsa. Da farko ni nake zura masa zare, daga baya ya fara ɗora aljihu a karkace, masu kawo ɗinki suka zame ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce masa komai. Ni na gama jami'a, takardar na ƙasan akwati, shekara biyu ina zagayen ofisoshi. Ƙannena uku suna makaranta. Mama ta fara dafa abinci sau ɗaya tana raba shi biyu.

Ana haka wani tsohon mai kawo masa ɗinki ya samo masa aiki a tankin ruwan da ke kan tsaunin bayan gari. Aikin ba wuya: ƙarfe bakwai na safe ya murɗa babban makunni ruwa ya sauko wa unguwanni, da yamma ya rufe. Zuwan ne wuyar. Hanya ce mai nisa, ƙarshenta hawa, duk duwatsu da zaizaya, mota ba ta bi, 'yan babur kuma in ka ambaci wurin sai su ja gaba. Baba yana fita tun da asuba, amma gwiwarsa ta dama, wadda ta sha taka keken ɗinki, takan kumbura a rabin hanya ta zaunar da shi. Sau uku ya makara a mako biyu. Mutane suka kai ƙara.

Ranar Alhamis shugaban aikin ya tsare shi a bakin tanki. “Dattijo, ba na son wulaƙanta furfura. Wanda ka gada da keken hawan dutse yake zuwa. Ran Litinin in ruwa bai sauka ƙarfe bakwai ba, ka miƙo makulli. Mutum tara ke jiran wurin nan.”

Ranar Juma'a Baba ya sayar da keken ɗinkinsa don ya sayi na hawa. Da aka zo ɗauka, Mama ta shige kicin tana goge tukunyar da ta riga ta wanke. Babu sauran abin sayarwa a gidan, kowa ya sani.

Na zauna da wayata na karanta duk abin da na samu a kan keken hawan dutse. Ashe keke ma da awonsa, kamar wando. Mutum ya tsaya a kansa, ƙafa biyu a ƙasa, a ga tazara tsakaninsa da sandar tsakiya. A duba hannun birki, ƙarfe ne ko roba. A guji mai ƙyalli da sifirin ko'ina in yana da araha, don kwalliya aka saya ba ƙwari ba. Na rubuta a takarda na ninke. Sai dai ni tun ina ƙarama magana a maƙogwaro take tsaya mini, musamman gaban baƙo.

Asabar muka je kasuwa. Shagon matsattse ne, kekuna rataye har rufi, warin sabuwar taya ya cika ko'ina. Mai shagon, wani mai tumbi da tabarau a goshi, ya ji abin da ke aljihun Baba ya sauko da biyu iri ɗaya, jajaye, ɗaya ƙarami ɗaya babba.

“Babana, wannan ba keke ba ne, jirgi ne. Giya ashirin da ɗaya. Tsauni zai gan ka ya durƙusa.”

Baba ya murza fentin da yatsa biyu, yadda yake murza yadi. “Babban da ƙaramin, kuɗinsu fa?”

“Ɗaya ne.”

“Ɗaya? To wane gaula ne zai ɗauki ƙarami?”

Na ce, “Baba, ƙafarka…” Muryata ko ni da ƙyar na ji ta.

“'Yar boko ta fara,” in ji Baba, yana murmushi. “Sirdin nan ba a sauke shi?”

“Har ƙasa!” in ji mai shago. “Ƙanwata, bar manya su yi ciniki.”

Baba ya nemi ya ɗan hau, mutumin ya ce in taya ta taɓa ƙasa ta zama tsohuwa. Takardata tana cikin tafin hannuna har ta jiƙe da gumi. Ban buɗe ta ba. Muka turo babban zuwa gida.

Lahadi da safe muka je gindin tsaunin gwaji. An sauke sirdi iya saukarsa, duk da haka da ɗan yatsan ƙafa yake taɓo feda, yana karkata dama da hagu, hannuwansa a miƙe kamar mai roƙon ruwan sama. A miƙaƙƙiyar hanya ya tafi. Da ya fara hawa ya ci karo da wani rami, ya so tsayawa, ya sauke ƙafa bai sami ƙasa ba. Ya faɗa kan sandar, sannan shi da keken suka kife. Hannun birki ya ɓalle, ɓaras, ashe roba ce aka shafa wa ruwan azurfa.

Na ruga. Gwiwar hannunsa ta ɗaye, amma ba ita yake kallo ba.

“Kada ki gaya wa uwarki,” ya ce.

Muka koma kasuwa. Mai shago ko tashi bai yi ba. “Kaya in ya fita ya fita. Ga ƙarce, ga birki a karye. Wa zan sayar wa?”

Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganin haka ba. “Ɗana, ka dubi Allah. Ka ba ni ƙaramin. Abincin mutum shida ne a kan keken nan.”

“Kowa da nasa mutum shidan, Baba.”

A bakin kasuwa, ƙarƙashin wata rumfar kwano, akwai wani tsoho mai gyaran keke, baƙin mai har gwiwar hannu. Shi da Baba sun san juna sama-sama. Baba ya jingine keken, ya laluba aljihu ya fito da guntun allin ɗinki, ya durƙusa a kan gwiwarsa mai ciwo ya ja layi biyu a jikin ƙarfen, tsaf, kamar zai rage ƙafar wando.

“Ka yanke mini nan zuwa nan. Yatsa huɗu. Sai a kai wa mai walda ya haɗe.”

Tsohon ya fashe da dariya har da tari. Da ya dubi fuskar Baba sai ya daina.

“Dogo, ƙarfen nan bai fi gwangwanin madara kauri ba. In na yanka aka liƙe, a gangara zai rabu biyu, kai ma ka rabu biyu.”

“To ya zan yi?” in ji Baba. “Gobe ne fa. Gobe.”

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. “Kawu, ba ka da ƙarami? Ko tsoho ne. Ka riƙe wannan.” Sai na ji ina zubo duk abin da ke takardar, tazara, birki, giya. Na zaro tef ɗin awo daga aljihun Baba na auna shi daga ƙugu zuwa diddige. Ya tsaya ƙiƙam yana kallon kwano. Ya auna rabin garin nan, shi ba a taɓa auna shi ba.

Tsohon ya shiga bayan rumfa ya daɗe yana ture-ture. Ya fito da wani ɗan keke da ya koɗe, da can ruwan hoda ne, sirdinsa ɗaure da tsohon tub na taya.

“Na wata malamar asibiti ne da aka yi wa canjin wurin aiki. Muni kam ya gaji, amma ɗaga ka ji.”

Na ɗaga da hannu ɗaya. Birkinsa ƙarfe ne, na matsa ya kama gam. Baba ya tsallaka ya tsaya, tafin ƙafa biyu a ƙasa.

“Ya yi mini cif,” ya ce, kamar mai faɗin aibi. “Ba sarari ko kaɗan.”

“Kai da ka gama girma, sararin me?” in ji tsohon. “Jan kuma akwai wani zanƙalelen mai gadi da zai so shi. Na karɓa.”

Ya sa wa sarƙa mai, ya koya wa Baba sauke giya tun kafin hawa, ba a tsakiyarsa ba. Baba ya zaga rumfar sau uku. Wani mai tura baro ya ɗaga murya, “Dogo, ka aro na jikarka ne?” Bai ko waiga ba.

Litinin ya fita gari na wayewa, gwiwa ɗaure da tsumma. Ni da Mama muka tsaya a bakin famfon tsakar gida, mun buɗe shi, bokiti a ƙasa, wayata a hannu. Bakwai saura biyar. Bakwai. Famfo shiru. Mama ta zauna a kan turmi tana motsa leɓe. Bakwai da minti huɗu famfon ya yi tari, ya tofar da iska, sannan ruwa ya zubo, ja da farko.

Minti huɗu. Ba mu san ko shi ya buɗe ba ko wani. Yini guda ba wanda ya ci abin kirki.

Da yamma muka ji ƙarar sarƙa a zaure. Ya shigo yana ɗingishi, wandonsa duk ƙura, makullin na rataye a wuyansa.

“Shugaban aikin yana can na isa,” ya ce, yana neman wurin zama. “Da agogo a hannu, da wani ƙato tsaye kusa da shi. Hawan ƙarshe turawa na yi.”

“Me ya ce?” in ji Mama.

“Ya dubi keken, ya dube ni. Ya ce in zo gobe.”

“Gobe kawai?”

“Gobe kawai ya ce. Ɗora mini ruwan zafi.”