Irin da Ke Rataye a Hayaƙi

Akwai tatsuniya guda ɗaya da har yau ban yafe wa kakata ba, Allah ya ji ƙanta.

A ƙauyen Simsim muka tashi, can wajen Gadarif. Lokacin yankan riɗi, da an idar da magariba, kakarmu ta wajen uwa, wadda muke kira Habboba, takan zauna gindin murhu a bukkarta tana soya gahawa. Saman kanta zangarkun dawa ne a rataye, sun yi baƙi ƙirin. Irin baɗi ke nan, hayaƙin ne ke hana ƙwaro shigarsa. Mu jikoki mu kewaye ta, idanu na zubar da ruwa, amma ba mai motsawa. Inna, mahaifiyata, tana bakin ƙofa tana tsince riɗi.

"Ga ta nan ta taso, wa zai tare ta?" in ji Habboba, haka take buɗe tatsuniya. Mu ce mu ne.

Wai wata tsohuwa ce 'ya'yanta suka yi arziki, suka gina mata ɗakin kwano a birni, fes, ba murhu ba toka. Suka ɗauke ta tana kuka, har da irinta, suka rataye shi a ƙusa. Da babu hayaƙi, ƙwaro ya samu gida. Damina ta faɗi, aka sauko da iri za a shuka, sai gari. Shekarar nan zuri'ar kaf ta sha yunwa.

"Kun dai ji," takan ce, tana kallon ƙofa. "Wanda ya raba ni da murhun nan, shi ya sani." Mu yi ta dariya, don mu a ganinmu wasa ne.

Yaƙi ya koro mu daga Khartum, inda nake aure, a 2023. Ni da mijina da yara huɗu muka cusu a ɗaki ɗaya a Gadarif. Inna kuwa tana can Simsim ita kaɗai a bukkar marigayiya Habboba, ido ya yi rauni. Sau biyu tana faɗuwa. A na uku gefen mayafinta ya kama wuta, maƙwabciya ce ta juye mata tulu. Na sha yawo kamar ƙafata za ta cire kafin na samo mata gado a wani gidan kula da tsofaffi, mai ma'aikaciyar jinya, kusa da mu. Na hau lori na je.

"Inna, ki haɗa kayanki. Can za a dafa miki, a ba ki magani kan lokaci, kullum zan zo."

"Akwai murhu?"

"Ba a barin wuta a ɗaki."

"To kalas, shi ke nan. Irin fa? Kin manta zancen Habboba?"

Nan raina ya ɓaci. Na ce shekara nawa rabon da a shuka wannan baƙin abin? Tarakta ke noma yanzu, iri a kasuwa ake saye. Na ce tatsuniyar yara za ta kashe min uwa ina ji ina gani. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar.

"Ya bitti, 'yata, sassauta," ta ce. "Ba don ku aka yi tatsuniyar nan ba. Don ni Habboba ta ƙirƙiro ta. Ni ma na so in kai ta garin Fau wurin kawunki, kusa da asibiti."

"Kika bar ta."

"Na bar ta. Kuna makaranta aka ce muku zazzaɓi ne ya kashe ta. Ba zazzaɓi ba ne, wutar murhun ce ta kama ta. Ni na ɓamɓare zanen daga jikinta."

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce, "Kin ga haka da idonki, kuma kike so ni ma in gani?"

"A ɗakinta ta cika. Wallahi ko yau aka mayar da ni, barin ta zan yi."

Ni kaɗai na dawo. Gadon aka ba wata.

Da ina yarinya na ɗauka darasin shi ne kada a raina abin da tsoho ya riƙe. Yanzu na gane Habboba ba koyar da mu take yi ba, ɗaure hannun 'yarta take yi a gabanmu, kuma ya ɗauru, har ya kai ga nawa. Haushinta nake ji, da na Inna, da na kaina da na kasa ɗaukarta da ƙarfi. Duk sanda lambar maƙwabciyar nan ta fito a wayata, sai ta yi ƙara uku kafin hannuna ya yarda ya ɗauka.