Koren Fentin Jobeda Khala

Jobeda Khala ba ta yarda da duk wanda ya shigo ƙauyenmu da takalmi mai tsabta. Inna ce ga kowa, shi ya sa muke ce mata Khala, amma ko gaisuwa ka yi mata sai ta juya ta ta duba bayanta.

Abin taƙamarta a duniya famfon tuƙa-tuƙa ne da marigayi mijinta Motaleb ya haƙa a tsakar gida. A nan duk matan unguwa muke ɗibar ruwa, ita kuwa tana zaune tana taunar ganyen pan, wanda muke ci kamar goro, tana yanke wa kowa hukunci. Shekarun baya ma'aikata suka zo auna ruwa: famfon da ke da gubar arsenik a shafa wa bakinsa jan fenti, mai lafiya kore. Nata ja ya samu. Ba a jima ba ya koma kore shar, ta ce rana ce ta canza shi. Kowa ya san gwangwanin fentin yana ƙarƙashin gadonta, to amma famfo mai lafiya yana can bayan gonakin shinkafa, ga kuma tsoron bakin Khala.

Kowace shekara ɗaliban likitanci sukan zo daga babban birni Dhaka, wai sun samu tallafin bincike kan lafiyar talaka. Khala ta ce ƙarya ce.

"Su ɗauki hoton hannunmu, a ba su jirgi zuwa Turai. Ciwon namu, jirgin nasu!"

Tana da gwaji guda. Duk ɗalibin da ya shigo sai ta tuƙa famfo ta miƙa masa kofi. Wani ya ce azumi yake, wani ya nuna gorar jakarsa. Ita kuma ta nuna musu ƙofa. Gaskiya ni ma nakan ji daɗi, domin wasunsu kallon kaji suke yi mana.

Bana wata siririya ce ta zo, sunanta Shiuli. Ina wurin ina wanke tukwane.

"Ke kuma nawa za su biya ki a kanmu?" in ji Khala.

"Kuɗin mota da na abinci, Khala. Abincin ma babu kifi."

"Allah sarki, ga alama nan a wuyanki. Wa ya aiko ki? Masu jan fenti?"

"Babu wanda ya aiko ni. Tafin hannunku nake son gani."

Khala ta cusa hannayenta cikin gyale. Na san abin da take ɓoyewa, baƙaƙen ɗigo-ɗigo masu tauri da ta ce wankin shinkafa ne ya jawo su. Ta harare ni, na tuƙa famfo na kawo kofi.

Shiuli ta dubi koren bakin famfon, inda jan yake leƙowa ta gefe. Ta ɗaga kofin ta sha rabi.

"Da irinsa aka yaye ni," in ji ta. "Babana ma ya iya fenti. Har ya fi ki, shi ba ya barin gefe."

Ta buɗe tafin hannunta a kan gwiwar Khala. Ɗigon nan ne, iri ɗaya sak.

"Innarki fa?"

"Tata cutar ta kai ga ƙafa, sannan ta kai ga komai. Ina aji biyu aka binne ta."

Na tuna 'ya'yana ruwan nan suke sha. Khala kuwa ko gezau. Ta ce 'yan birni babu abin da ba sa iya zanawa. Ta kama hannun yarinyar, ta lashi babban yatsanta ta hau murza. Ta murza har fatar ta yi ja, ta koma ɗaya hannun. Ba abin da ya goge.

Shiuli ta sake ɗaukar kofin za ta ƙarasa. Khala ta fizge shi ta watsar da ruwan a ƙasa.

"Ke wace irin likita ce mara hankali?" Sannan ta juyo kaina. "Ke kuma kin tsaya kallo. Ɗauki tulu ki je bayan gona, baƙuwa tana jin ƙishirwa."