Shekara Biyar Bayan Yaya Binta, Har Yau Ba a Rubuta Gargaɗi

Shekara biyar ke nan da muka rasa yayata Binta, malamar gona da ta yi aiki da manoman rani tsakanin Kura da Bunkure. Mutane da fara'arta suke tuna ta. Ni kuwa wani ɓacin rai da aka yi mata nake tunawa, kuma har yau ban huce ba.

A shekarar da tsutsa ta addabi tumatir, ta tara manoma a ofishinsu don ta wayar musu da kai. Wani ya tura bidiyo cikin guruf ɗinsu na waya, da rubutu a kai wai sabon maganin tsutsa ne. Yaya ta haɗa wayarta da babban allo, ta danna. Sai ga batsa ƙarara, a gaban dattawa sa'annin mahaifinmu. Nan take ta kashe, amma an riga an gani.

Wanda ya tura ya ce shi ma turo masa aka yi, bai buɗe ba. Aka ce da shi Allah ya kiyaye gaba, shi ke nan. Ita kuwa ogansu ya hana ta shiga gonaki har ranin ya ƙare, wai sai magana ta lafa. A kasuwar Bunkure har ana cewa ai da ma a wayarta abin yake.

Na same ta a ɗakin Inna ta ƙi cin abinci. Ta ce da ni, "Ba kunyar ce ta fi ƙona mini rai ba. Ko gwangwanin maganin feshi ana zana masa alamar haɗari, amma wannan ba wanda ya ce mini in yi hattara."

Daga nan ta dinga bin masu kula da guruf-guruf tana roƙo: duk mai tura bidiyo ya fara kallonsa, ya faɗi abin da ke ciki, in mai tayar da hankali ne ya rubuta gargaɗi. Yawancinsu suka ce ta cika tsanani. Tana kan wannan fama ciwo ya kwantar da ita.

Makon jiya, a teburina a injin casar shinkafa da nake aiki, masu kaya na tsaye a kaina, na buɗe saƙon wani maƙwabci. Gawarwakin hatsarin mota ne, babu ko kalma ɗaya a sama. Da Yaya na raye, ban san da wane baki za mu gaya mata cewa abin ƙaruwa ma ya yi ba.

Guruf ɗaya tak ya karɓi shawararta, na matan da ke noman albasa a Bunkure. Har yau duk wadda ta tura bidiyo ba bayani, cire ta suke yi sai ta ba da haƙuri. Wannan bai ishe ni ba, amma shi ya rage mana. Allah ya jiƙan Yaya Binta, ya kai haske kabarinta.