Misalin da Baba Ya Ƙarasa da Kansa

Baba ya daina shan ƙwayar hawan jini sati uku bayan na kawo masa ita. Ciwon kai ya tafi, a wurinsa ciwo ya warke ke nan, kuma mai lafiya ba ya haɗiyar magani sai in kwaɗayi ke damunsa. Inna ce ta tsegunta mini, ta nuna mini kwalin a kan taga, rana har ta cinye launinsa.

Baba mahauci ne a Talata Mafara, Barunje gaba da baya, kamar yadda muke cewa a wajenmu. Ni kuwa ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a Bakura, kuma ni na auna shi da hannuna, na ga inda jininsa ya hau. Abin da na gani ya isa ya kayar da mutum. Haka ƙanensa ya yi ta yawo da nasa, garau da shi, har ranar da ya faɗi a bakin masallaci, ɓarin jikinsa ya shanye. Shi nake gani duk lokacin da Baba ya saɓa cinyar saniya a kafaɗa. Tsoro nake ji na gaske, ni kuwa in tsoro ya zo bakina faɗa yake komawa.

A lokacin ban daɗe da dawowa daga wata bita ba, inda aka koya mana cewa in ana son jawo hankalin mara lafiya, a kawo masa misali. Har a takarda aka ba mu misalan, na haddace su tsaf. Ranar wata Juma'a na isa gida ina ji da kaina, na tarar da Baba a zaure da baƙonsa suna cin tuwo. Ban jira baƙon ya tafi ba. Na durƙusa na zuba masa misalin tiyo: jijiyar mutum kamar tiyon ruwa take, in ƙarfin famfo ya yi yawa sai ta fashe. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tuna mini cewa gidanmu rijiya gare mu, ita kuwa bai taɓa jin ta fashe ba. Baƙon ya yi dariya har ya ƙware. Raina ya ɓaci, bakina ya riga hankalina, na ce ai in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Baba ya tsame hannunsa daga kwano.

"Ni kinka yi ma karin magana?"

Maganar da ake yi wa yaro mai ƙiriniya na ɗauka na yaɓa wa mahaifina a gaban baƙo. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Gaisuwa ya yanke mini. Mu da muke gaisawa har ƙafa ta gaji da durƙuso, a tambayi gajiya, a tambayi aiki, a tambayi mutanen Bakura ɗaya bayan ɗaya, sai ya koma amsa mini da lahiya guda ɗaya ya kau da kai. Wata guda muna haka, kwalin magani yana kan taga.

Da abin ya ishe ni sai na hau mota zuwa Maradun wurin Goggo, yayar Baba, wadda ita kaɗai yake shakka a duniya. Niyyata ta zo ta tsawata masa. Na same ta tana matsar man gyaɗa, na zauna na karanta mata laifinsa tun daga farko, na ɓoye nawa. Ba ta ce uffan a kan ƙanenta ba. Sai ta miƙo mini hannunta, duk ya yamutse, ta ce ita kullum in ta je asibiti sai an sha wuya kafin a ɗebi jininta, shin ni yaya nake yi da irin wannan hannu?

Nan fa aka zo fagena. Na gyara zama na shiga bayani: ba a soka allura da gaggawa, sai an kwantar wa mutum da hankali, a ɗaure dantse, a shafa, a ɗan bubbuga, a jira jijiya ta taso da kanta. Wanda ya yi gaggawa sai ya soka sau uku bai samu ba, jijiyar ta gudu, mutum ya janye hannunsa, gobe ko da kuɗi ba zai sake miƙo maka ba. Na yi ta zuba, har da zagin sababbin ma'aikata masu garaje. Goggo ta ce, "Ashe kin sani." Ta ci gaba da matsar manta.

Sai da motarmu ta yi nisa da Maradun na gane abin da tsohuwar nan ta yi mini. Kunya ta rufe ni a tsakiyar fasinjoji, sannan dariya ta kama ni. Ba ta yi mini wa'azi ba, da ta yi da na yi musu, don ni ma jinin Baba ce. Cikin sana'ata ta shiga ta ɗauko misalin, ta mai da ni gwana a ciki, ta bar ni na yanke wa kaina hukunci da bakina.

Na koma Bakura na fara gwaji a kan marasa lafiyata, Allah ya yafe mini. Na farko wani manomin shinkafa ne daga Morai, shi ma hawan jini, shi ma mai shan magani sai ya ga dama. Na ce a raina ga dama ta samu. Na ce masa ƙwayar nan kamar taki ce ga shinkafa, kullum sai an sa. Ya dube ni da tausayi, ya ce Malama, duk wanda ya sa wa shinkafa taki kullum ai ƙone ta zai yi. Ya ƙara da cewa dama shi ya yi zargin maganin nan kullum-kullum ƙona ciki yake, ga shi na faɗa da bakina. Na so ƙasa ta tsage in shige. Misalin da na gina da hannuna ya juyo ya rushe mini aiki, don na shiga gonar da ban san ta ba.

Dole na sauke girman kai na tambaye shi: to a noman shinkafa, mene ne ake yi kullum, ko an ga matsala ko ba a gani ba? Bai yi dogon tunani ba ya ce tsaron tsuntsaye. In shinkafa ta fitar da kai, ranar da ka ce yau ban ga tsuntsu ba bari in huta, ranar za su sauka su gama da wahalar shekara. Yana faɗa yana rage murya, ya dubi ledar maganin da ke hannunsa. Na kame bakina. Har yau mutumin nan bai saɓa ranar karɓar magani ba.

Daga nan na riƙe abin da na koya. Misali sai ya zama gaskiya a cikin sana'ar mai ita, in ba haka ba da misalin zai yi gardama, ya manta da ciwonsa. Kuma tambaya ta fi jawabi kaifi. Na yi da masu saƙa, na yi da 'yan kabu-kabu, wani ya ci, wani ya faɗi warwas. Amma Baba nake hange, shi kuwa ban san komai a fawa ba. Tun ina yarinya nake gudun ƙarnin kayan ciki, makaranta ma rabin sonta don ta raba ni da wankin tumbi ne. Sai ga ni da girmana da takarduna na dawo na tsuguna gaban bahon Inna, ina wanke hanji ina yi mata tambayoyi. Ta yi mini tsiya son ranta, ta ce ashe boko ma yana jin yunwa. A bakinta na ji labarin wani farin bijimi da Baba ya taɓa saye, wanda har yau ba ya son a tuna masa.

Na jira ranar da na ga fuskarsa a sake. Da la'asar ce, yana zaune a tsakar gida yana wasa wuƙaƙensa, ba baƙo, ba kowa. Na kawo masa fura, na zauna nesa kaɗan, na ce akwai abin da ban sani ba, kuma na san shi ya sani. Yaya ake gane dabba mai ciwon hanta tun tana tsaye a kara, kasuwar shanu?

Ya yi kamar bai ji ba. Amma gwani ba ya iya haƙuri in an taɓo sana'arsa. Can sai ya fara, yana magana yana kallon wuƙa: a duba ido, a shafa gashi, a taɓa ƙarƙashin haɓa ko akwai kumburi, a lura da kashinta. Ya ce shanun da suka yi kiwo a fadama su aka fi tsoro. Na tambaya ko akwai wadda za ta wuce duk wannan dubawa, alhali tana ɗauke da ciwon. Ya gwada kaifin wuƙar a farcensa.

"Akwai," in ji shi. "Wani hwarin bijimi na taɓa saye. Tozo awa tulu, gashi na sheƙi, mutum huɗu sunka riƙe shi. Dut kara babu wanda bai yaba ba. Da munka kai shi ƙasa munka buɗe, hanta ta gama lalacewa. Shi kanshi bai san shina ɗauke da ita ba."

Na ce ashe ƙarfi ba shaida ba ne. Ya ce ina fa, ai mugun ciwo shi ne wanda ke barin dabba tana cin abincinta. Ya ce shi ya sa Bafulatanin kirki ke ba garkensa magani tun suna garau, sakarai ne ke jira sai saniya ta kwanta. Na tambaya, da akwai abin da zai leƙa cikin dabba ba tare da an sa mata wuƙa ba fa? Ya ce da kowane Barunje ya sayar da rigarsa ya mallake shi.

Ƙarshen maganar yana kan harshena, yana ƙaiƙayi kamar na ci gwaza ɗanye. Kalma biyar kacal ta rage in ce, Baba, ai kai ne bijimin. Ban taɓa yin aiki mai wuya kamar haɗiye ta ba. Na yi godiya, na ɗauki kwanon fura, na shige ɗakin Inna.

Washegari na koma Bakura ina zagin kaina, ina cewa wayona ya yi yawa har ya wuce ta saman kansa. Kwana uku bayan haka Inna ta kira ni a waya, tana magana ƙasa-ƙasa, ta ce in zo da abin awon nan nawa, mai gidan ne ya ce.

Na same shi a zaure. Ya amsa gaisuwata har ƙarshe, ya tambayi mutanen Bakura, sannan ya naɗe hannun rigarsa da kansa. Ina ɗaura masa abin awo ya ce, "Ke zato kike ban gane ba? Tun da kinka buɗe baki na san inda kinka dosa." Na sunkuyar da kai. Ya ce amma dai na yi tambaya irin ta mutane. Da na faɗa masa jinin yana nan sama, sai ya tambaya ko maganin kullum ake sha, ko an ji ciwo ko ba a ji ba. Na ce kullum.

"Washin wuƙa ke nan," ya ce. "Ba a jiran ta dakushe."

Wannan ba ni na gina shi ba, nasa ne, kuma ya fi duk nawa kyau.

Bayan wata biyu, ranar kasuwar Talata, ya aiko a ce in same shi a rumfar mahauta da kayan aikina. Ban taɓa taka wurin ba tun da na girma. Na tarar ya tara abokan sana'arsa, dattawa masu taurin kai irinsa, yana ba su labarin farin bijimi. Yanzu mutum shida ne suka riƙe shi, tozon ya kai randa, kuma ko sau ɗaya bai ambaci cewa wata ce ta tono labarin ba. Ban ji haushi ba ko kaɗan. Daɗi ne ya cika ni, irin wanda ban ji ba ko ranar da na karɓi takardar kammala karatu.

Suka yi ta noƙewa, kowa na tura ɗan'uwansa. Sai Baba ya goge hannu, ya zauna a kan benci a gaban kowa, ya miƙo mini dantsensa. Na auna. Ban yarda da idona ba, na sake aunawa. Jinin ya sauko, ya zauna inda ake so.

"Mi kinka gani?"

"Lahiya lau, Baba."

Ya jinjina kai kamar dama ya sani. Ya miƙe ya dafa kafaɗar Sarkin Fawa, ya zaunar da shi a inda ya tashi, ya ce, "Miƙa mata hannu. Ɗiyata ta, ta san aikinta."

Shekarata goma sha wani abu ina aikin nan, ban taɓa jin ya faɗi haka ba. Na duƙar da kai ina warware abin awo don kada Rundawan Mafara su ga hawayena, na ce wa Sarkin Fawa ya saki jikinsa, ba zafi.