Kujerar Gaba, Babu Direba

Ni direba ne, ɗan direba, don haka tun ranar da aka ce mini jirgin ƙasan Doha ba shi da matuƙi na ƙi jininsa. Abin da yake tafiya ba kowa a gabansa, ina ruwana da shi.

Maigidana injiniya ne ɗan Labanon, yana zaune a Bin Mahmud, kuma shi ne kafil ɗina, wato zamana a ƙasar a hannunsa yake. Duk lokacin annobar korona ni na riƙe shi. Daga gida zuwa asibiti a Al-Sadd, daga asibiti zuwa kantin magani, takunkumi a fuskata, leda a tsakaninmu, yana tari ina karanta addu'a a zuci. A lokacin ya sha cewa ba shi da kamata.

Da gasar cin kofin duniya ta zo aka rufe hanyoyi, sai ya koma shiga jirgi. Ban damu ba, kowa ma haka ya yi. Amma aka gama ƙwallo, baƙi suka watse, tituna suka buɗe, mota tana nan a ajiye. Kullum in wanke ta, in duba mai, in zauna. Shi kuwa ya dawo da yamma yana ba ni labarin jiragen ƙasan Turai da ya hau lokacin hutu, masu gudu kamar harsashi, ka karya kumallo a wata ƙasa ka ci abincin rana a wata, a taragon manya ana kawo maka gahawa har kujera. Ni dai ina murmushi kawai. Me ya sa direba ne za a zaɓa a yi wa wannan hirar? Ruwa ba ya tsami banza.

Na kai kukana wurin abokin ɗakina a Ain Khaled, wani mai gadi ɗan zangon Kumasi.

"Kai ɗan'uwa, zato ya cika maka ciki," in ji shi. "Mutum ya yi hira da kai ma laifi ne? Khalas, shi ke nan, ci tuwonka."

Ban ci ba. Na fara lura da komai. Maigida ya ba ni sabon turare, na ce na sallama ne. Ya tambayi lafiyar 'ya'yana a Zariya, abin da bai taɓa yi ba, na ce biri ya yi kama da mutum. Wani Ba'indiye ya tsaya yana kallon motar a ƙofar gida, na bi shi da harara har ya sha kwana, wataƙila ma bawan Allah inuwa kawai yake nema.

Wata Alhamis da safe maigida ya ce in bar makulli, yau tare za mu shiga jirgi. Ya miƙo mini katin taragon manya. Muka shiga, kujeru masu faɗi da laushi, sanyi, ba hayaniya. Ya zaunar da ni a ta gaba can, daidai inda ya kamata direba ya zauna. Gilashi ne kawai, sai dogo yana shigewa ƙarƙashinmu. Na duba ko'ina, ko da ɗan maɓalli ban gani ba. Hannuwana na rasa inda zan sa su.

"Ka ga daɗi, habibi?" ya ce.

"Na gani, ranka ya daɗe. Faɗi abin da ka kawo ni ka faɗa."

Ya dubi takalminsa. Sannan ya ce ya sayar da motar, ƙarshen wata za a zo a ɗauka. Zai sa hannu in nemi wani kafil, kuma zai yabe ni a wurin duk wanda ya tambaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har da haushin cewa na canka daidai.

Jirgi ya rage gudu za mu sauka. Na yi wuf na riga shi tashi, na miƙa hannu in buɗe masa ƙofa yadda na saba. Kafin in taɓa ta ta buɗe da kanta, ya wuce ta gefena ya fita.