Mai Saran Rake a Layin Zaɓe

Yau Japanawa suka ce sun ba Taiwan zaɓe, ni kuwa na kafa kaskon gyaɗata a ƙofar ofishin gunduma, don duk inda maza suka taru gyara duniya, yunwa tana wurin.

Ga wani a layi, dogo, ramamme, cikin rigar aro da ta ƙi isa wuyan hannunsa. Damatsansa duk tsagar ganyen rake ce. Na san irinsu: su ke sara, jirgin ruwa ya kwashe sukarin zuwa Japan, su kuwa su sha shayinsu lami. Yatsansa na ta yawo a cinyarsa, yana bitar rubuta sunan wanda zai zaɓa. Allah kaɗai ya san makonnin da ya yi yana koyo.

Ɗan sanda ya duba takarda. "Harajinka bai kai yen biyar na kuɗin Japan ba, ba ka da ƙuri'a. Matsa."

Sai ga ɗan takarar da zai zaɓa ɗin da kansa, Ang mai gonakin rake, cikin farar kwat. Mai saran raken ya tuɓe hula.

"Maigida, ni ne na dangwala yatsa a takardarku ta neman zaɓen nan. Har tsare ni aka yi."

"Madalla," in ji Ang. "Ƙasa ba za ta manta da kai ba." Ya shige.

Mutumin ya juyo gare ni. "Iya, mu yaushe za a kira namu layin?"

"Ranar yankan rake, ɗan nan. Ranar babu mai tambayar harajinka."