Karatun Asabar a Gude

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ina koyar da Turanci a wata sakandare a Gwarzo. Rayuwa ta yi tsada, man fetur sai a galan a bakin titi, ɗakin karatun makarantarmu kuwa ya manta rabonsa da sabon littafi. A shekarar ne kuma idon Kawu, yayan mahaifiyata, ya rufe gaba ɗaya.

Kawu tsohon hedimasta ne, yana zaune a Gude ta ƙasar Kabo. Mahaifinsa makiyayi ne da ya zauna ya kama noma bayan shanunsa sun ƙare, kuma Kawu kaɗai aka kai boko cikin 'ya'yansa. Mutum ne mai son karatu ƙwarai. Da ido ya tafi, rediyo ta zame masa abokiyar hira. A nan ya ji wani shiri da ake kawo labarin littattafan duniya: waɗanda suka fito, marubutan da suka rasu, da waɗanda aka karrama. Aka ce wani dattijo a wata ƙasa mai nisa ya ci babbar kyauta saboda littafi ɗaya da ya rubuta. Da na je gaishe shi, bayan mun gama tambayar gida da damina, sai ya ce in nemo masa littafin, yana so ya ji abin da duniya ta ga ya cancanci kyauta.

Na sha wahala kafin in same shi. Shagunan Kano ba su da shi. Daga ƙarshe wani abokina da ke koyarwa a jami'a ya ara mini nasa, bango duk ya lanƙwashe. Tun daga nan kowace Asabar nakan hau babur in tafi Gude da hantsi. A shimfiɗa mana tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida, in karanta da Turanci, inda ya yi wuya mu tsaya mu mayar da shi Hausa tare.

Labarin wani mutum ne da ya bar ƙauyensu yana saurayi, ya tsufa a birni, sannan ya kama hanyar komawa ya ga gonar mahaifinsa, wadda ya ji an sayar. Kusan duk littafin tafiyar ce kawai, da mutanen da ya gamu da su. Da farko Kawu bai ji daɗinsa ba. Ya ce labarin ba ya sauri, kuma bai ga abin ba da kyauta ba. Amma bai ce in daina ba.

Limamin unguwar, tsaran Kawu ne kuma maƙwabcinsa, yakan wuce ya gan mu. Lokacin ana ta magana a kan littattafan hikaya, wasu na cewa ɓata tarbiyya suke yi, a masallatai ma ana taɓo zancen. Wata Asabar ya tsaya, muka gaisa, ya zauna a bakin tabarma. Ya tambaye ni ko abin da nake karantawa ya faru da gaske. Na ce a'a, ƙirƙira ce. Ya juya ga Kawu ya ce, a waɗannan shekarun nasa, ashe ba gara a karanta masa abin da zai amfane shi a lahira ba?

Kawu ya ce, “Malam, wancan ina jinsa safe da yamma, kuma kai kake karanta mini. Zauna ka ji wannan ɗin. In ka ji abin ƙi, ka faɗa, mu rufe.”

Liman ya zauna har muka tashi. Asabar ta gaba ya riga ni zuwa.

Da muka kai wurin da mutumin ya tsaya a wata rijiya da ya sani tun yana yaro, ya tarar ta ƙafe, sai Kawu ya ɗaga hannu. Na dakata, ya fara ba mu labarin burtalin da mahaifinsa ke bi da shanu ta wajen Lakwaya, da yadda suka koma wata shekara suka tarar an nome shi, dawa ta tsaya inda hanya take. Ya ce tsohon bai yi faɗa da kowa ba, ya juya kawai, kuma bai sake ambatar wurin ba har ya mutu. Ban taɓa jin wannan labarin ba, mahaifiyata ma ta ce ba ta san shi ba. Liman ya ce yana tune da burtalin. Suka daɗe suna lissafa bishiyoyin da ke bakinsa. Ranar ba mu ƙara karanta ko shafi ɗaya ba.

Bayan kaka Kawu ya kwanta ciwo. Na je da littafin, amma ba ya iya zama, sai na mayar da shi jaka. Saura babi biyu ya rasu.

Ranar sadakar bakwai, da jama'a suka watse, Liman ya kira ni gefe. Ya yi mini ta'aziyya kamar yadda ya yi wa kowa, sannan ya sassauta murya.

“Malam, shin mutumin nan ya isa gonar kuwa?”

Na ce ban sani ba, ban iya buɗe littafin ni kaɗai ba. Ya ce in kawo shi Asabar. Na kawo, muka zauna a zaurensa, na karanta ina fassara masa. Mutumin ya isa, ya tarar da baƙi suna noman gonar, suka ba shi ruwa ya sha, ya kwana a wurinsu bai faɗa musu ko shi wane ne ba. Da na rufe, Liman ya ce ya so a ce ya faɗa musu. Sai ya yi wa Kawu addu'a, muka shafa, ya raka ni har inda na ajiye babur.